Tsakiyar Hanya da Gefenta: Sharhi a kan Titin Tawa zuwa Arlit

Hausawa sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara. Masu wannan magana fatake ne, mutanen da suka san hanya da tafin ƙafarsu, waɗanda a wurinsu kyawun hanya yana ga rijiyoyinta da zangunanta da amincin mutanen da ke zaune a bakinta. Shi kuwa injiniya da wani ma'auni dabam yake aiki: tazara mafi gajarta, da nauyin da ƙasa za ta iya ɗauka, da kuɗin da kowace kilomita za ta ci. Tsakanin waɗannan ma'aunai biyu nake so in ajiye titin da ya tashi daga Tawa, ya ratsa arewacin Adar da Azawak, ya bi ta Agadas ya tuƙe a Arlit, in yi masa irin sharhin da muka saba yi wa littafi ko fim ko gini. Titi ma aikin hannu ne. Akwai wanda ya zauna ya zana shi, ya zaɓi inda zai bi da inda zai kauce, kuma kowane zaɓi yana tona abin da mai zanen ya ɗauka da muhimmanci. Abin da zan yi ƙoƙarin nunawa shi ne, wannan titi an zana shi ne domin kayan da za su wuce ta tsakiyarsa, amma rayuwar da ya haifar duk a gefensa take, kuma masu fim ɗinmu sun riga injiniyoyi gane haka.

Kafin a kai ga gudron, wato kwalta kamar yadda ƴan'uwanmu na Najeriya ke cewa, ya kamata mai karatu ya tuna cewa zirga-zirga tsakanin Adar da Abzin tsohuwar aba ce. A ƙarshen ƙarni na 17 Agabba, ɗan Sarkin Agadas, ya ci Adar da yaƙi, zuriyarsa suka riƙe sarautar da daga baya ta zauna a Illela. Masanin tarihi Djibo Hamani ya yi cikakken bayanin wannan zamani a littafinsa kan Adar kafin zuwan Turawa, wanda ya fito a 1975. Ayarin raƙuma kan gangaro da gishiri da dabino, su koma da hatsi da tufafi. Hanyar ayari ba ta miƙewa sambal, tana karkata ne zuwa inda ruwa yake da inda mutane suke, saboda dabba sai ta sha, madugu kuma sai ya yi ciniki. Saboda haka zango shi ne ginshiƙin tsarinta, tafiyar da ke tsakanin zango da zango kuwa larura ce kawai.

Layin farko da aka ja wa Tawa daga nesa, Turawa ne suka ja shi. A yarjejeniyar 1898 tsakanin Faransa da Ingila, an dasa tsinin kamfas a kan Sakkwato aka zana baka mai nisan mil 100, aka ce duk abin da ke cikinsa na Ingila ne. Wannan ya tilasta wa Faransawa, idan za su tashi daga kogin Kwara zuwa Damagaram, su yi zagaye ta Filinge da Tawa, cikin ƙasar da rijiyoyinta suke nesa da juna. Ta haka Tawa ta zama masaukin sojojin mulkin mallaka a farkon ƙarni na 20. Da aka gyara iyakar a 1904 da 1906, Ƙonni da Madawa da Maraɗi suka faɗo hannun Faransa, sai babbar hanyar gabas ta koma kudu, inda hanyar ƙasa mai lamba 1 take bi, Tawa ta koma ƙarshen wani reshe da ya ɓalle daga Tsarnawa. Sau biyu ke nan a cikin ƴan shekaru aka ɗaga garin kuma aka sauke shi, ba tare da an tambayi ko mutum ɗaya daga cikin mazaunansa ba.

Layi na uku yuraniyom ne ya ja shi. Kamfanin SOMAÏR, wanda aka kafa a 1968, ya fara fitar da ma'adinin a Arlit a 1971, COMINAK kuma ya biyo baya a 1978. Kayan aiki da sinadarai da man fetur sai sun hau daga bakin teku, ganguna cike da garin yuraniyom kuma sai sun sauka zuwa Parakou a ƙasar Benin, daga nan jirgin ƙasa ya kai su tashar jiragen ruwa ta Kwatano. A ƙarshen shekarun 1970, zamanin Seyni Kountché, lokacin da farashin ma'adinin ya yi tashin gwauron zabo, aka shimfiɗa gudron na fiye da kilomita 600 daga Tawa zuwa Arlit, kamfanonin haƙar ma'adinin ne suka ɗauki nauyin aikin, aka gama shi wajen 1980. Jama'a suka raɗa masa suna titin yuraniyom, kuma sunan ya faɗi gaskiya. A zamaninsa abin alfahari ne, domin tafiyar kwanaki ta koma ta yini guda, kuma ba adalci ba ne a raina ƙwarewar waɗanda suka shimfiɗa shi a kan rairayi da duwatsu cikin zafin da ke narkar da gudron kansa.

Sai dai idan aka karanta zanen da idon mai sharhi, za a ga abin da ya sa a gaba. Misali mafi bayyana shi ne Ingal. Tsohuwar hanyar Tawa zuwa Agadas ta garin take bi, gari mai dabino da kasuwa, ƙofar gishirin Tegidda, inda makiyaya ke haɗuwa kowace shekara a ƙarshen damina. Sabon titin ya kauce masa, ya bar shi a ƙarshen wani ɗan reshe, masu masauki da masu sayar da abinci suka wayi gari matafiya sun daina tsayawa. A lissafin injiniya an rage tazara, a lissafin fatake kuwa an kashe zango. Haka nan kuɗin gyaran titin an ɗaura shi ne a kan wani kaso na cinikin kamfanonin ma'adinai, kashi 1 cikin 100, ma'ana lafiyar hanyar da makiyayin Abalak zai kai mara lafiyarsa asibitin Tawa ta dogara ga farashin da ake yankewa a kasuwannin Turai da Amurka. Farashin kuwa ya fara faɗuwa tun a farkon shekarun 1980, ana gama titin ke nan.

A nan ne nake ganin fim zai taimake mu, kuma ba sai mun je nesa neman masu fim ba, domin biyu daga cikin manyansu tarihinsu ya sarƙe da hanyoyin wannan jiha. Na farko shi ne Jean Rouch, Bafaranshen da duniya ta sani da finafinansa a kan Nijar. Mutane da yawa sun manta cewa da ya zo Yamai a 1941 ba da kyamara ya zo ba. Injiniyan hanyoyi da gadoji ne, aka ba shi kula da aikin hanya a zamanin aikin tilas, wanda ba a soke shi ba sai a 1946. A 1942 tsawa ta kashe masa leburori goma, kuma bikin bori da ya gani an yi a kan gawarwakinsu, ta hanyar abokinsa Damouré Zika, shi ne ya juya hankalinsa daga hanyar zuwa ga mutanen da ke fasa mata dutse. Ana iya cewa duk aikinsa na baya ci gaban wannan juyawar ne.

A fim ɗinsa Jaguar, wanda aka ɗauka a 1954 da 1955 amma bai fito ba sai a 1967, samari uku sun tashi daga Ayoru zuwa ƙasar da ake kira Gana a yau, neman kuɗi da suna. Abin lura shi ne kyamarar ba ta damu da isa ba. Tana tsayawa ne a kasuwa, da bakin iyaka inda ake yi wa ƴan kwastan wayo, da inuwar da ake hutawa. Duk ɗan Adar da ya taɓa tafiya biɗa zuwa Abijan ko Kumasi ko Legas zai gane kansa a ciki, ko da yake samarin ba Adarawa ba ne. A Cocorico Monsieur Poulet na 1974 kuwa, wata tsohuwar mota ce jarumar, motar mai fataucin kaji wadda ba ta iya tafiya mai nisa ba tare da ta mutu ba, har takan kai a kwance ta gunduwa-gunduwa domin a haye kogi da ita. Darasin fim ɗin shi ne, a ƙasarmu abin da ke sa mota tafiya ilimin direba ne da na yaronsa da na makanikin bakin hanya, da haƙurin fasinja.

Amma dole a faɗi inda Rouch ya gaza. A wurinsa lalacewar mota abin dariya ne, ƙofa ce ta shiga wani sabon labari. Wanda ya loda albasa daga Tabalak ya kwana uku a daji tana ruɓewa, ko matar da naƙuda ta kama a bayan mota, ba za su ga abin dariya a ciki ba. Bugu da ƙari, hanyarsa ta maza ce zalla. Kyamara tana bin mai tafiya, ba ta waiwayar wadda aka bari a gida da yara da rumbun da ya kusa ƙarewa. A Adar kuwa, inda ƙauyuka da yawa kan zama kusan babu majiya ƙarfi daga kaka zuwa faɗuwar ruwa, rabin labarin hanya yana hannun waɗanda ba su hau mota ba.

Na biyu shi ne Moustapha Alassane, wanda aka haifa a 1942, makaniki kafin ya zama mai fim, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara fim ɗin zane mai motsi a Afirka, wanda ya zaɓi Tawa ta zama mazauninsa da wurin aikinsa a ƙarshen rayuwarsa, har ya rasu a Wagadugu a 2015. Idonsa ya fi na Rouch kaifi a kan wannan batu, domin shi abin da hanya ke saukewa yake kallo. A Le Retour d'un aventurier na 1966, wani saurayi ya dawo daga Amurka da akwati cike da huluna da bindigogi da takalman kaboyi, ya raba wa abokansa, kafin a ankara wasa ya zama ta'adi a cikin gari. A FVVA na 1972, wanda haruffansa ke nufin mace da gidan ƙawa da mota da kuɗi, ƙaramin ma'aikaci ne sha'awar waɗannan abubuwa ta kai shi ga taɓa dukiyar da ba tasa ba. A Bon voyage Sim na 1966 kuwa, shugaban ƙasar kwaɗi ne ya tafi ziyarar aiki, da jerin gwano da faretin ban girma. A duk ukun, abin hawa da kayan da ya ɗauko alamar girma ce da aka aro, kuma tambayar Alassane ita ce, me zai faru da gari idan kaya suka iso kafin a shirya musu wurin zama?

Duk waɗannan finafinai an yi su ne kafin a shimfiɗa titin yuraniyom, amma kamar don shi aka yi su. Arlit kanta akwatin saurayin nan ce a babban sikeli, gari da aka sauke daga mota a tsakiyar hamada, da lantarkinsa da kantunansa, har ana yi masa kirari da Paris ta biyu. Idrissou Mora-Kpaï, ɗan ƙasar Benin, ya ɗauki wannan kirari ya sa wa fim ɗinsa na tsakiyar shekarun 2000, inda ya nuna garin bayan kasuwa ta watse, da tsofaffin ma'aikata marasa lafiya da baƙi masu jiran motar arewa. Amina Weira, wadda mahaifinta ya yi aikin ma'adinin, ta koma garin da kyamara a La Colère dans le vent na 2016, ta nuna ƙurar da iska ke kwasowa daga tarin sharar ma'adinai zuwa cikin gidaje. Su biyun ƙarshen titin suka ɗauka. Tsakiyarsa, wato ƙasar da ke tsakanin Tawa da Abalak, ita ce nake ganin ta cancanci mai fim ya tsaya mata.

Abin da zai gani a can shi ne yadda jama'a suka sake zana titin ba tare da takarda ba. Tabalak, kimanin kilomita 50 daga Tawa, tafkinta ya zama wurin kamun kifi da noman rani, gudron kuma ya ba albasa da kifi hanyar fita. Abalak ta cika da makiyayan da farin 1973 da na 1984 suka raba da dabbobinsu, suka zauna a bakin titi domin nan ne taimako ke sauka, nan ne kuma ciniki yake. Mata suna miƙa cuku ta tagar motocin safa, mahauta suna gashi, masu faci da masu sayar da fetur a kwalba da masu shayi sun kafa rumfuna a inda direbobi suka saba tsayawa. Ran Lahadi, kasuwar Tawa takan jawo amalanken jaki da garken awaki da ƴan kabu-kabu su hau titin da aka auna domin tirela. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka tanadar wa wuri a zanen farko. Zango ya dawo da kansa, sai dai ya dawo a matse, a kan ƴar siririyar ƙasar da ke tsakanin tayar mota da rami, kuma farashin wannan matsi rayuka ne. Rouch kansa a kan hanyoyin wannan jiha ya gamu da ajalinsa. A daren 18 ga Fabrairu 2004, kusa da Birnin Ƙonni, motar da yake ciki tare da matarsa da Damouré Zika da Moustapha Alassane ta yi karo da wata babbar mota, ya rasu yana da shekara 86, sauran suka tsira.

A shekarun 2000 da 2010 titin ya lalace har ta kai, a wurare da yawa tsakanin Abalak da Agadas da Arlit, direbobi sun gwammace su sauka daga gudron su bi rairayin da ke gefensa. Babu sharhin da ya kai wannan zafi, a ce mai amfani da abu ya ga rashinsa ya fi samuwarsa sauƙi. A yarjejeniyar watan Mayu 2014, kamfanin Areva, wanda ya koma Orano a 2018, ya yi alkawarin yuro miliyan 90 domin gyaran titin. A 2017, lokacin bikin 18 ga Disamba da aka yi wa laƙabi da Tawa Sakola, birnin ya sami sababbin tituna da fitilu da shatale-talen ƙawa, abin da duk mazaunin garin ya yi maraba da shi. Amma wanda ya kalli Bon voyage Sim ba zai kasa tambaya ba, shin titin da aka share domin jerin gwanon manyan baƙi da titin da buhun gero zai bi zuwa ƙauye, wanne ne ya fi saurin samun kuɗi?

Akwai wani salon zane a cikin Adar ɗin kanta da ya cancanci a ajiye shi kusa da wannan. Daga 1984, aikin raya karkara na Kaita, da kuɗin ƙasar Italiya da kulawar hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ya shiga gyaran ƙasar da zaizaya ta cinye. An jera duwatsu a kan tuddai, an datse ƙoramu, an dasa itatuwa, an kuma buɗe hanyoyin karkara masu haɗa ƙauyuka da kasuwanni. Mafi yawan masu aikin mata ne, ana biyansu da abinci, saboda mazan suna wurin biɗa. Bai kamata a yi wa wannan ado ba, ɗaukar dutse a ka cikin rana don mudun hatsi ba abin sha'awa ba ne, kuma shi ma aikin daga waje aka kawo kuɗinsa. Duk da haka tunanin da ke cikinsa ya bambanta. An fara ne da tambayar inda ruwa yake gudu da inda mutane suke, aka ɗauki hanya da ƙorama da gona a matsayin abu guda. Matan da Jaguar bai waiwaya ba, su ne suka shimfiɗa hanyoyin da suka fi kusa da ma'aunin fatake.

Yau dalilin da ya haifi titin yuraniyom ya raunana. An rufe COMINAK a ƙarshen Maris 2021. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 iyakar Benin ta rufe, ganguna suka daina sauka Kwatano, a watan Yuni 2025 kuma gwamnati ta mayar da SOMAÏR mallakar ƙasa. Ko me mutum yake gani game da waɗannan al'amura, sun bar mu da tambayar da ba a yi ba a shekarun 1970: idan aka cire yuraniyom, domin wa titin yake? Amsar tana tsaye a gefensa fiye da shekara 40. Saboda haka duk gyaran da za a yi masa, bai isa a mayar da gudron inda yake a da ba. A faɗaɗa kafaɗarsa a mashigar garuruwa domin amalanke da mai tafiya a ƙasa. A ware fili inda babbar motar da ta lalace za ta tsaya ba a kan hanya ba. A san inda burtali ya ratsa, a yi masa alama. A gina kadarko gwargwadon ruwan da ƙoramun Adar ke kawowa a watan Agusta. A sa inuwa da ruwan sha a inda mata suka riga suka kafa kasuwa. A kuma ɗaura kuɗin gyara a kan abin da ba zai kife ba ranar da farashin ma'adini ya kife.

Waɗannan ba ƙawa ba ne da za a ƙara idan kuɗi ya ragu, su ne ainihin zanen. Injiniyan da za a ba wannan aiki zai amfana idan ya yi abin da wani injiniya ya yi a 1942, ya ɗaga kai daga taswira ya dubi mutanen da ke bakin hanya. In ya fara da kwana ɗaya a tashar Tabalak da wani a kasuwar Abalak, yana tambayar mai cuku da mai faci inda mota ta fi kaɗe mutane da inda ruwa ke yanke hanya, zai koma ofis da rabin zanensa a hannu.